Abin da Mai Bai Manta Ba

Kwalba ta goma sha bakwai ta iso ran Talata,
an naɗe wuyanta da jan zare,
a jikinta hoton wata bishiya mai karkataccen ƙugu.
Na san bishiyar nan.
Na taɓa faɗowa daga kanta ina 'yar shekara tara,
tabon yana nan a haɓata.

"Man zaitun tsantsa, gonar Oronzo, Salento,"
in ji takardar.
Oronzo kakana ne.
Shekara shida ke nan da binne shi,
bishiyar kuwa ta riga shi da hunturu biyu,
lokacin da cutar nan ta bi gonakin kudu
tana busar da ganye tun yana kan reshe.

To wa ke tatsar matacciya?

Shi Kaka bai taɓa neman na'ura ba.
Yakan zuba mai a ɗan kofi, ya ɗumama a tafin hannu,
ya kurɓa, ya ja iska ta haƙora.
In ya yi tari sau biyu sai ya ce, "Wannan ɗan halak ne."
In bai yi ba, ya ture kofin gefe, ko uffan.
Maƙogwarona bai gaji wannan karatu ba.
Abin da na samu: farar riga, safar hannu,
da injin da ke juyi a wani ɗaki mai sanyi a Bari.

Mutane na zaton mai ba shi da baki.
An matse shi, an tace, an goge masa fuska,
amma can ƙasa, cikin laka-lakan da ido ke rainawa,
akwai guntayen ƙwayoyin halitta da uwa ta bar masa,
yagaggu kamar wasiƙar da ta kwana a ruwan sama.
Aikina in tsinto su,
in sa inji ya yi ta maimaita su
har raɗa ta zama magana.

A firjin gidanmu, bayan kifi da ragowar miya,
akwai ambulan mai ganye bakwai.
Na tsinke su a makon da aka zo da zarto,
ban san dalili ba a lokacin.
Yau na ɗauki ɗaya, na niƙa,
na jera shaidarsa kusa da ta kwalbar.

Layuka suka fito a allo.
Ba su gaisa ba.
An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe,
wannan ɗan ko kofato ba shi da shi.
Akwai zaitun a ciki, ban musa ba,
amma na ƙetaren teku ne,
sauran kuma waken soya ne ya ari koriyar riga
ya zo biki da sunan wani.

Kawu Vituccio ne ke cika kwalaben.
Shi ya koya mini tuƙa keke.
Shi ya biya kuɗin karatuna a shekarar da gona ta mutu,
kuɗin da, in na bi sawunsu a hankali…
Na bar lissafin nan.

Ya kira ni da dare. Bai tambayi sakamako ba.
Ya ce an yi ruwa a ƙauye,
ya ce sababbin dashe sun kai masa ƙirji,
nan da shekara huɗu za su yi 'ya'ya,
"in an bar ni na kai."
Na ce, "Kawu, sai da safe."

Takardar na kan tebur, gurbin sa hannu a buɗe.
Na zuba man a ɗan kofi, na ɗumama a tafina
yadda Kaka ke yi.
Na kurɓa. Na ja iska. Na jira.
Ya wuce sumul,
kamar baƙon da ya shiga gida bai yi sallama ba.

Ganye shida suka rage a ambulan.
Na ɗauki biro.